Ranar da Na Ɗaure wa Nuhu Haɓa

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa muku shi da ƙari. Ina da shekara goma sha huɗu na ɗauki tsohon rawanin mahaifinmu na ɗaure wa ƙanena Nuhu haɓa yana barcin rana, daga ƙarƙashin muƙamuƙi zuwa tsakar ka, na ƙulle tam. Ban san gawa ake yi wa haka ba. Ni dai so nake in rufe masa baki. Na ji ku, 'ya'yana da 'ya'yan Nuhu, kuna ba juna labari wai ni na gano ciwonsa tun ina yaro saboda kaifin basira. Labarin ya yi mini daɗi, shi ya sa na daɗe ban gyara ba. To yanzu gemu ya yi fari, ƙarya ba ta yi masa kyau. Babu basira a zancen. Shegantaka ce Allah ya juya ta zama alheri.

Gidanmu a Tambuwal gidan karatu ne tun kakan kakanmu. Mahaifinmu, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, yana da zaure cike da ɗalibai, wasu masu allo, wasu masu gemu da littattafai. A irin gidan nan da harshe ake auna yaro. In ka fitar da harafi daga inda ya kamata, kai ɗan gida ne ko da ba ka iya ɗaura zariyar wando ba. Ni na iya, don harshena tun asali ba ya hutawa. Nuhu kuwa, da shekararsa bakwai, allonsa ya fi shekara yana wuri ɗaya kamar jakin da ya ga gada.

Bakin Nuhu ba ya rufuwa. Yana tafiya a buɗe, yana zaune a buɗe, yana barci ya fi buɗewa. Na taɓa rantse wa abokaina cewa na ga ƙuda ya shiga da sallama, ya huta, ya fito da rakiya. Leɓunansa kullum a bushe suna tsagewa, da safe tabarmarsa jiƙe da yawu, bakinsa da wari ko ya yi asuwaki sau uku. Minsharinsa kuwa, in ya fara, bunsurun maƙwabta amsa masa yake yi. Wani lokaci ya yi tsit kamar an toshe kwalba, sai ya zabura ya ja iska da ƙarfi ya ci gaba. Wurin cin tuwo shi ne na ƙarshe, don sai ya tauna ya tsaya ya huta, ya sake taunawa. Haƙoransa na sama sun fara leƙowa waje. A gaban allo gyangyaɗi yake yi tun hantsi, kuma sai an kira shi sau biyu kafin ya waiwaya. Duk waɗannan muna ganinsu ɗaya-ɗaya, amma ba wanda ya taɓa tara su wuri ɗaya ya ce uwarsu guda.

Abin da ya fi damun Malam shi ne harafi biyu. In Nuhu ya zo faɗin mim sai ta fito ba, in ya zo nun sai ta fito dal. Ko sunansa bai iya faɗa ba. Baƙo ya tambaye shi sunansa, ya buɗe baki ya ce Duhu. Rannan aka aike shi wurin Bafillatanar da ke kawo mana nono daga ruga, ya miƙa mata ƙwarya ya ce a ba shi dodo, matar ta yi dariya har ta kusa ɓarar da kayanta. Daga ranar na sami sana'a. Duk inda yara suka taru sai in kwaikwayi Nuhu yana neman fura da dodo, su yi ta faɗuwa. Malam da farko ya ɗauka sakaci ne, Nuhu ya sha tsumagiya. Da tsumagiya ba ta yi ba, ya yanke a ransa cewa yaron kansa ne ba ya ja. Kakarmu Hajo, uwar Malam, ta ce beli ne ya sake tsirowa, aka kira wanzami. Shi kuwa mutumin kirki, ya leƙa ya ce abin da ya cire ranar suna bai dawo ba, babu abin da askarsa za ta taɓa. Aka sha rubutu, aka ɗiga man shanu a hanci, baki yana nan hangame.

Sai ga Kawu Umaru, ƙanen Innarmu, manomi a Kebbe, mai gonar gero da 'yan shanu da 'ya'ya mata biyar, ba namiji ko ɗaya. Ya roƙi Malam ya ba shi Nuhu ya riƙa, tunda karatun ya ƙi. Malam ya amsa a gaban mutane: in an kai amfanin gona gida, ya zo ya ɗauka. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Noma ba abin kunya ba ne, mu ma muna yi. Amma a gidanmu ba a taɓa cire ɗa daga allo ba. A cire ka, kamar an ce jinin gidan bai kama ka ba ne. Nuhu ya gane sarai. Tun daga ranar ya riƙa yawo da allonsa a hammata har bakin rijiya, kamar wani zai sace. Inna tana tsakanin ɗan'uwanta da mijinta, na ga ta daina haɗa ido da yaron. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, lissafin da nake yi shi ne zan sami ɗaki ni kaɗai ba minshari.

Ranar wata Alhamis ce, ba karatu, bayan azahar. Nuhu ya kwanta a inuwar rumbu, baki sama. Na tsaya ina kallonsa, sai dabara ta zo mini: in akuya ta cika ɓarna ai ɗaure ta ake yi. In na ɗaure bakin nan na kwana biyu zai saba da rufuwa, in je in gaya wa Malam na yi abin da wanzami ya kasa. Na ɗauko rawanin, na naɗa a hankali, na ja, na yi ƙulli biyu. Na ja da baya ina yaba aikina. Ban gama yabon ba na ga ƙirjinsa yana tashi yana faɗawa amma ba abin da ke shiga. Idanunsa suka buɗe waje, ya kama shure-shure, yana yaƙushin rawanin. Na durƙusa in kwance, ƙullin ya ƙi. Allah ya kawo Kaka Hajo daga madafa da wuƙar yankan kuɓewa a hannu. Ta yi salati, ta sa wuƙar ta gefen kunnensa ta tsarge rawanin. Nuhu ya ja iska da wata ƙara da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Kaka ta juyo kaina. Ita da kullum take tsokanata da mijin banza mai cin tuwo ba cefane, ranar ba wasa a fuskarta.

"Kai ja'iri, gawa ɗai aka ɗaure ma haɓa. Mi yaron ga yay yi maka da kaka yi mai fatan likkafani?"

Bayan la'asar aka gurfanar da ni a zaure. Kaka ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida ta karanta laifuffukana tun daga na ranar har na bara, ta ƙara da cewa ni ne na mai da ɗan'uwana abin dariya a unguwa, ina kwaikwayon maganarsa. Malam ya ajiye littafin hannunsa ya ce in gwada masa yadda nake yi. Na ce na tuba. Ya ce bai tambaye ni tuba ba. Ba yadda zan yi, na kai yatsu biyu na matse hancina, na ce a ba di fura da dodo. Wani ɗalibi mai gemu ya ƙunshe dariya ya mai da ita tari. Malam bai yi ko murmushi ba.

"Don mi kaka riƙe hanci?"

"In ban riƙe ba, ba ta fita daidai, Malam."

Ya daɗe yana kallona. Sannan, a gaban ɗalibansa duka, Malam mai rawani da kwarjini ya ɗaga hannu ya matse hancin kansa, ya ce mim, ta fito ba. Ya ce nun, ta fito dal. Ya sa aka kira Nuhu, ya zaunar da shi a gabansa, ya tsinko 'yar auduga ya riƙe a ƙofar hancinsa, ya ce ya rufe baki ya yi numfashi. Audugar da ƙyar ta motsa. Kafin a ƙirga goma yaron ya buɗe baki yana haki. Shekara ashirin Malam yana koya wa manyan ɗalibai cewa gunnar mim da nun daga hanci take fita, har yakan ce wanda bai yarda ba ya toshe hancinsa ya gwada. Ilimin yana zaure, mai ciwon yana cikin gida, ba su taɓa gamuwa ba sai a kan iskancina.

"Shekara biyu nika bugun yaro don shi wuce ta ƙofar da ke rufe," in ji Malam, ba da kowa yake ba.

Kada ku ɗauka na tsira. Bulala shida na sha. Abokaina na ce musu sittin.

Washegari Malam da kansa ya kai Nuhu ɗakin shan magani na garinmu, ni kuma aka ce in bi su don in faɗi yadda yake barci, tunda ni ke kwana da shi. Malamin asibitin, wani dattijo mai tabarau, ya haska tocila a hancin yana neman ko gyaɗa ko ƙwayar wake, don ya ce yara kan tura abu a hanci ya zauna har ya ruɓe. Bai ga komai ba. Ya yi wa Malam bayani cewa numfashi ta baki ba shi ne ciwon ba, alama ce hanya ta toshe. Wani mura ce da ba ta sakinsa, wani hancinsa ne ba ya shiri da hayaƙi ko gashin dabbobi sai ya kumbura, wani ƙashin tsakiyar hancin ne a karkace, wani kuma nama ne a can bayan hanci, saman maƙogwaro, inda ido ba ya kaiwa. Ya ce kowane yaro yana da naman, yakan ƙanƙance in an girma, amma na wasu yakan yi girma ya tare hanya har ya taɓa ji. Ya ba da maganin ɗigawa na 'yan kwanaki, ya ce a tafasa ruwa da ɗan gishiri a bar shi ya huce a riƙa wanke hancin, a raba yaron da hayaƙin madafa. In sati uku ba sauƙi, sai Sakkwato. Muka yi duk abin da ya ce. Majina ta ragu, minshari bai san ana yi ba. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti.

Nan gida ya rabu. Kaka ta ce ba za a kwantar da jikanta a sa masa wuƙa a maƙogwaro yana da ransa ba, wai allurar barcin nan wasu ba sa dawowa. Inna tana jego, ba ta da ta cewa sai addu'a. Ana cikin haka aka kai gero gida, sai ga Kawu Umaru a kan sabon babur ɗinsa, wanda lokacin kuɗi ya fara yawo kowa yake saye, ya sha jar ƙasar hanyar Kebbe har gira. Ya zo da 'yar riga sabuwa da ya ɗinka wa Nuhu. Na laɓe bayan zana ina ji. Malam ya yi masa bayani tun daga audugar har takardar, ya ce yana neman alfarma a warware maganar, zai kai yaron asibiti, in Allah ya ba da lafiya zai mai da shi kan allo. Kawu ya juya hularsa a hannu, ya ce:

"Malam, da kuna ganin dolo na, kun ba ni. Yanzu da kunka ji ana iya gyara shi, ya fi ƙarfin gidana ke nan."

Gaskiya ce tsirara ya gaya wa Malam. Abin da Malam ya ce kawai shi ne ya yi kuskure sau biyu, a kan yaron da kuma a kan alkawarin, kuma ba zai gyara na biyu da ƙara na farko ba. Kawu ya ajiye rigar a kan buzu, ya shiga ya gaida 'yar'uwarsa a tsaye, ya tada babur ko ruwa bai sha ba.

Muka shiga fijo mu uku. Shekarun nan ne da aka fara kiran jiharmu da sunan Sakkwato, ko'ina gini ake yi, kwalta sabuwa fil, direban yana gudu kamar an ce masa Sakkwaton za ta tashi. Kafin Dogon Daji na yi kalmar shahada ta fi sau ɗari. A asibiti muka sami likita Ba'indiye, da wata ma'aikaciyar jinya tana mai da maganarsa Hausa. Ya sa ɗan madubi mai kamar cokali ta bakin Nuhu ya duba sama, ya leƙa kunnuwa, ya tambaye ni ko numfashin yakan tsaya a barci. Karo na farko a rayuwata da babba ya nemi labari a bakina ban ƙara gishiri ba. Ya ce naman nan ne, ya cika hanyar, har ruwa ya taru a bayan dodon kunne, shi ya sa yaron ba ya ji sosai, kuma barcin da ba ya ƙosarwa shi ke sa gyangyaɗi. Ya ce ba kowane yaro ake yi wa aiki ba, da yawa magani ya ishe su, amma wannan an gwada bai yi ba. Ta baki za a bi a cire, ba za a tsaga ko'ina a waje ba. Malam ya tambaya ko yaron zai farka. Likitan ya ce yana sa rai ƙwarai, wannan aikinsu ne na kullum, amma rai ba a hannunsa yake ba. Wannan amsar ce ta sa Malam ya yarda da shi. Ya sa hannu a takardar da ajami.

Safiyar aikin aka tura Nuhu a gado mai taya, yana riƙe da ɗan yatsana har ƙofa. Muka zauna a benci. Malam yana jan carbi, ni kuwa ina kallon ƙofar da aka shige da Nuhu. Abin da ke ta dawo mini shi ne, in bai fito ba, abin da zai tafi da shi daga wurina dariyar da na sa aka yi masa ce. Ba a daɗe ba ma'aikaciyar ta leƙo ta ce an gama, ya farka, yana kuka, kuma kukan alheri ne. Malam ya sauka daga bencin ya kai goshi ƙasa. Ta nuna mana abin da aka cire a ɗan kwano. A Tambuwal na ce ya kai ƙwan agwagwa. Gaskiyarsa bai fi ɓarin goro ba.

Kwana biyu na farko maƙogwaro yana ciwo, sai koko mai sanyi da kunu, minsharin ma bai tafi nan take ba saboda kumburi. Muna dawowa Kaka ta kama fuskarsa ta juya hagu da dama tana neman ɗinki, da ba ta gani ba ta ce an dai cuce mu, ba abin da aka yi masa. Wajen kwana goma muna zaune a tsakar gida, sai na ga Nuhu yana yamutsa fuska yana waige-waige.

"Yaya, mi ka wari haka?"

Takalmana ne na roba. Shekara nawa muna ɗaki ɗaya da su bai taɓa sanin halinsu ba. Inna ta yi dariya har da hawaye, daga ranar aka kore su waje. Baki kuwa bai rufu don kansa ba, ya riga ya saba. Likita ya ce sai an riƙa tuna masa, don haka Kaka ta ɗauki aikin: da ta ga ya saki, sai ta yi gyaran murya, ya rufe. Malam kuma yakan ba shi ɗan tsinke ya riƙe da leɓe in yana rubuta allo. Wata uku ana haka kafin ya zauna. Saboda haka in kun ga ɗanku kullum baki buɗe, ga minshari, ga gyangyaɗi, ga magana kamar mai mura, kada ku sa masa suna, kada kuma ku bar shi da babban wansa da rawani. Ku kai shi a duba.

Nuhu bai bar Tambuwal ba. Ya yi sauka yana da shekara goma sha bakwai, bayan duk sa'o'insa, haƙoransa na sama kuma haka suka zauna har yau. Kawu Umaru bai sake taka gidanmu ba sai ranar ta'aziyyar Kaka Hajo, bayan shekara huɗu. Amma Malam bai bar gonar Kawu babu mataimaki ba. Da ruwan farko ya sauka bayan aikin Nuhu, ya kira ni ya ce in haɗa kayana. Damina uku na yi a Kebbe ina noma geron Kawu.